Yadda ake gane burbushin notil na duwatsun Adar, a fiddo shi, a adana shi

A makarantun Maraɗi ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya dawo hutu daga Madawa, Buza ko Keita da dutse mai naɗi a aljihu, ya miƙa wa malamin SVT (kimiyyar halittu da ƙasa) yana tambaya ko katantanwa ce. Sau da yawa ba ita ba ce. Ko dai amonit ne ko notil, halittun teku masu ɓawo, dangin oktofus mai hannuwa takwas. Abu uku ke raba gardama: bangayen da suka raba cikin ɓawon ɗaki-ɗaki, layin da bangayen suka bari a jikin dutsen, da siririn bututun da ya ratsa ɗakunan. Duk aikin da za a yi wa burbushin, wato ragowar halittar da ta zama dutse, daga ɗauka har ajiya, manufarsa a fiddo waɗannan ukun ba tare da an lalata su ba.

A fara sanin dabbar

Notil na nan da rai har yau a tekun Pasifik da na Indiya, wajajen Filifin, Indunusiya da arewacin Ostireliya. Dabbar tana zaune a ɗaki na ƙarshe, mafi girma, da ƙananan hannuwa kusan 90. Idan ta girma sai ta matsa gaba, ta gina sabon bango a bayanta, har babba ya tara ɗaki 30 ko fiye. Bututun, wanda ake kira sifon, shi ke zuƙe ruwan da ke cikin sabon ɗaki, iska ta maye gurbinsa. Ɗakunan nan suna yi mata aikin da gora ke yi wa masunci a tafkin Madarunfa: suna ɗauke mata nauyi, ta tsaya a tsakiyar ruwa ba ta nutse ba, ba ta kuma taso sama ba. Denton da Gilpin-Brown ne suka bayyana yadda wannan ke aiki a 1966. Ɓawon yana jure matsin ruwa har zurfin kusan mita 800, daga nan sai ya fashe.

Wannan ginin tsoho ne ƙwarai. Mafi daɗewar da masana suka amince da shi a dangin shi ne Plectronoceras, daga duwatsun arewacin Sin na ƙarshen zamanin Kambiriyan, wajen shekara miliyan 490 da suka wuce. Ɗan ƙarami ne, bai kai santimita biyu ba, mai ɗan lanƙwasa, amma da bangayensa da sifonsa. A zamanin Odobisiyan, daga miliyan 485 zuwa 444, dangin ya bunƙasa: masu miƙaƙƙen ɓawo, masu lanƙwasa, masu cikakken naɗi, har da Lituites da ke fara naɗi sannan ya miƙe. Wasu daga cikin miƙaƙƙun, da ake kira endoserid, sun kai mita biyar da wani abu, kuma a lokacin su ne manyan mafarautan teku. Daga cikin miƙaƙƙun ne amonit suka ɓullo a farkon zamanin Debon, sama da miliyan 400 kaɗan. Amonit sun cika tekuna, suka ƙare ƙarƙaf shekara miliyan 66 da suka wuce tare da dinoso. Notil ya tsira.

Saboda haka notil ɗin Adar jika ne na can ƙasa, ba kaka ba. Amma tsarin ɗakunansa na kakannin ne, kuma da shi ake koyar da su.

Inda ake samu, da inda ba a samu

Kada a ɓata lokaci a Gulbin Maraɗi. Ƙasar jahar yawanci yashi ce da dutsen yashi na tudu, kudu kuma wajen iyakar Katsina tsohon dutsen ƙarƙashi ne da ba ya riƙe burbushi. Sai an bi hanyar Gidan Rumji zuwa Madawa, Galmi da Malbaza, ko a hau Buza, Keita da Tamaske. A can tuddan Adar da kwarin Majiya suna nuna shimfiɗun farin dutsen kalker da teku ya ajiye a zamanin Faleyosen, tsakanin miliyan 66 da 56, lokacin da ruwa ya shigo ta Sahara ya cika kwarin Iullemmeden. Wannan kalker ɗin ne ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, kuma shi ne ya ci gaba har Kalambaina a Sakkwato. Yana ɗauke da bushiyar teku, kawa, manyan katantanwa da notil. Amonit babu shi a ciki, don ya riga ya ƙare. Wannan kaɗai babban taimako ne: mai naɗi mai ɗakuna da ya fito daga wannan shimfiɗar, notil ne.

A gabas kuma, Damargu wajen Tanut, duwatsun sun fi tsufa, kimanin miliyan 94, kuma amonit ne suka yi yawa, irin su Vascoceras da Nigericeras.

Lokacin fita shi ne bayan damina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya wanke gangare ya fiddo sababbi, zafi kuma bai tsananta ba. Kafin a taka tudu a gaida mai gari, a nemi izinin mai gona, a sanar da hukuma, a kuma tambayi halin tsaron wurin. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, don haka haƙa rami ko fitar da burbushi waje aiki ne na masu takardar izini. Abin da ake bayani a nan shi ne tsintar wanda ya riga ya ɓalle, kaɗan, don aji.

A fili

Kayan aiki ba su da yawa: guduma mai nauyin kilo ɗaya, kurfi biyu (mai faɗi da mai tsini), tabarau na masu walda mai farin gilashi don kare ido, tsohon buroshin fenti, tsofaffin jaridu, ledoji, maka, littafi da fensir, waya mai GPS, da ruwan sha aƙalla lita huɗu kowane mutum.

A fara daga gindin gangare a hau sama, ido a ƙasa. Abin da aka tsinta a ƙasa daga sama ya gangaro, kuma inda guntaye suka daina bayyana, nan kusa shimfiɗar da ta haife su take. Wannan shi ya fi kowane abu daraja a rubuta. Dutse kuwa ba a juya shi da hannu: a sa bakin guduma a jawo shi ta ɓangaren da zai kare mutum, saboda kunama da kububuwa suna fakewa a ƙarƙashi.

Idan an ga notil, kada a taɓa shi tukuna. A ajiye fensir a gefensa, a ɗauki hoto na kusa da na nesa wanda zai nuna tudun. A rubuta lamba, kwanan wata, sunan ƙauyen da ya fi kusa, lambobin GPS, launin shimfiɗar, da abin da ke samanta da ƙasanta. A rubuta kuma ko a maƙale yake ko a sake, don wanda ke sake yana iya kasancewa daga kowace shimfiɗa ta sama. Idan a maƙale yake cikin ɓallen dutse, a sara nesa da shi, tazarar yatsa uku, bakin kurfi na kallon waje. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙoƙarin fiddo shi tsaf a fili. Bugu ɗaya kusa da shi ya isa ya raba shi a kan bangayensa, don nan ne rauninsa. A ɗauko shi da dutsen da ke jikinsa, sauran aiki a gida. In ya karye duk da haka, a naɗe kowane guntu daban a jarida, a haɗa su leda ɗaya da lamba ɗaya. Guntaye biyu da suka goga juna a bayan mota daga Keita zuwa Maraɗi ba za su sake haɗuwa daidai ba.

Ganewa

Abin da ke hannu yawanci ba ɓawon ba ne. Ɓawon notil na aragonit ne, mai saurin narkewa cikin ƙasa. Lakar da ta cika ɗakunan ita ta daskare, ɓawon ya tafi ya bar siffarsa ta ciki. Hakan alheri ne ga mai ganewa, domin layukan bangaye, waɗanda ɓawo ke rufewa, sun fito fili.

A goge ƙura, a jiƙa gefe ɗaya da yatsa, a riƙe shi a hasken safe ta yadda haske zai zo daga gefe. Tambaya ta farko: akwai layuka da suka gitta naɗin, a jere, tazara kusan ɗaya? In babu ko ɗaya, kuma naɗin ya taso ya yi tsini gefe guda, katantanwa ce. Notil da amonit naɗinsu a kwance yake, dama da hagu daidai suke. Sai dai a lura, ɗakin zama, wato ɗakin ƙarshe da dabbar ke ciki, ba shi da layi ko kaɗan, kuma yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin naɗin ƙarshe. Guntun da ya fito sumul yana iya zama ɗakin zama kawai.

Tambaya ta biyu: yaya layin yake? Na notil santsi ne, ko miƙaƙƙe ko mai lanƙwasa a hankali, ana iya bin sa da fensir ba tare da hannu ya karkarwa ba. Na amonit ɗin zamanin Kiretase kuwa, zamanin da ya gabaci Faleyosen, mai haƙora ne, mai rassa. A nan ne Vascoceras na Damargu ke ruɗa mutane, don shi ma dunƙulalle ne, sumul, kuma layinsa bai cika rassa kamar na sauran amonit ba. Idan iska da yashi sun cinye saman dutsen, haƙoran sukan goge, layin ya koma kamar na notil. Saboda haka a duba wurin da ya fi tsira daga gogewa, galibi cikin cibiya, wato loɓar tsakiyar naɗin, ko gefen da ya kwanta a ƙasa, da gilashin ƙara girma mai ninki goma. Ko ƙananan haƙora biyar aka gani a ƙasan lanƙwasa, amonit ne.

Tambaya ta uku ita ce mai yanke hukunci: ina sifon yake? A nemi inda dutsen ya karye a kan bango. A notil za a ga ɗan ɗigo ko rami a tsakiyar bangon ko kusa da tsakiya, kuma fuskar bangon da ke kallon baki a loɓe take. A amonit sifon siriri ne, manne da gefen waje na naɗin, sau da yawa ma ba a ganinsa, bangon kuma a tattare yake a gefuna.

In ya tabbata notil ne, siffar jikinsa za ta kai mutum kusa da sunansa. A kalle shi ta gaba. Dunƙulalle mai faɗin baya da layi mai ɗan lanƙwasa yana kama da Cimomia, in kuma layin kusan miƙaƙƙe ne, Eutrephoceras. Matsattse mai siririn baya, wanda yankansa ya yi kusurwa uku, yana kama da Deltoidonautilus. A takarda a rubuta "mai kama da", a bar tabbatarwa ga masana. Abin da za su buƙata shi ne awo huɗu da ma'aunin kanikawa mai baki biyu: faɗin naɗin gaba ɗaya, tsayin naɗin ƙarshe, kaurinsa, da faɗin cibiya, duka a wuri ɗaya, da milimita. A ƙara da yawan bangaye a rabin naɗi. Idan bangaye biyu ko uku na ƙarshe sun matsu da juna fiye da na baya, dabbar ta gama girma kafin ta mutu.

Akwai kuma miƙaƙƙu farare cikin baƙin dutse mai sheƙi da ake yin faranti da kayan ado da su. Waɗannan daga yankin Erfud na Maroko suke, na zamanin Siluriyan da Debon, kuma su ne mafi sauƙin hanyar nuna wa ɗalibai tsofaffin dangin. Ana sayar da su da sunan Orthoceras, kodayake ainihin mai wannan suna na Odobisiyan ne a ƙasashen Baltik. A duba sifon: siriri a tsakiya na otoserid ne, mai kumburi tsakanin bango da bango na aktinoserid, mai faɗi sosai a gefe da mazugai a ciki na endoserid. Wasu ɗakunan ƙarshen tsinin za a gan su cike da farin kalsit mai shimfiɗu. Wani sashensa dabbar ce ta zuba shi tana raye don ya daidaita mata nauyi ta kwanta a ruwa. Ƴan kasuwa sukan cike giɓi da roba su zana bangaye da fenti. A ɗora allura mai zafi a wurin da ake shakka: dutse ba ya motsi, roba tana narkewa da wari.

Tsabtacewa

A fara a bushe. A ɗora burbushin kan ƙaramin buhun yashi don ya shanye bugu, a yi aiki da buroshin haƙori da basilla ko ƙusa da aka wasa. A riƙa ɓamɓare dutsen ƙwaya-ƙwaya, tsinin na tafiya daga burbushin zuwa waje. Cibiya a bar ta ƙarshe, don naɗin ciki ya fi rauni.

Kafin ruwa, a gwada. A ɓalli ɗan guntun dutsen da ke kewaye a jefa a kofin ruwa minti goma. In ya tsaya yadda yake, ana iya wanke burbushin da ruwa da buroshi. In ya kumbura ya wargaje, akwai yumɓu a ciki, kuma shimfiɗun Adar da yawa haka suke, wasu har da jijiyoyin jibsin. Irin wannan ruwa zai farfasa shi, sai dai a goge da tsumma mai ɗan laima. Wanda aka wanke a shanya shi a inuwa kwana biyu. Ranar Maraɗi tana busar da waje kafin ciki, dutsen ya tsage.

Ruwan khal yana da amfani ɗaya tabbatacce: ɗigo guda a kan dutsen kewaye, in ya yi kumfa kalker ne. Jiƙa burbushin a ciki kuwa ɓarna ce, saboda shi ma kalker ne, asid ba ya bambanta su. Abin da ya fara ci shi ne layukan da ake nema. In wani siririn ɓawon dutse ya ƙi fita, a haɗa khal kashi ɗaya da ruwa kashi ɗaya, a shafa da auduga a wurin kaɗai, minti ɗaya, a ɗauraye sosai, a duba kafin a maimaita. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil kada su kusanci wurin aikin.

Don haɗa karaya, mafi kyau shi ne gam ɗin da ake kira Paraloid B-72, da aka narkar a ruwan aseton, don ana iya warware shi daga baya. Giram 5 cikin mililita 100 yana shiga dutse mai gari ya ƙarfafa shi, giram 30 zuwa 40 kuma ya yi kaurin mannewa. Inda babu shi, farin gam ɗin kafinta zai yi: a tsarma kashi ɗaya da ruwa kashi goma don ƙarfafawa, a yi amfani da shi yadda yake don mannewa. A goge fuskokin biyu, a gwada haɗa su a bushe tukuna, sannan a shafa gam siriri, a kafa guntayen cikin kwanon yashi yadda nauyinsu zai danne haɗin, a bar su kwana ɗaya. Gam mai kamawa nan take ba ya ba da damar gyara in an karkace. Banis da man inji suna sa sheƙi na ɗan lokaci, daga baya su yi duhu, su kama ƙurar hunturu, su rufe layukan.

Yanka don ganin ciki

Wannan sai in akwai biyu ko uku iri ɗaya, a zaɓi wanda ya fi muni a waje. A zana layin tsakiya da fensir kewaye da bayan naɗin. A kai wa mai injin yanka tayil, amma a ce ya yanka milimita 3 gefe da layin, da ruwa, a hankali. Faifan yana cin kusan milimita 2, kuma in ya bi tsakiya daidai, sifon zai tafi cikin ƙura. Rabin da ya fi kauri shi za a goge har a iso tsakiya. A shimfiɗa samfefa mai jure ruwa a kan gilashin taga, a fara da lamba 120, ana zagaya hannu ana juya dutsen don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ana ɗaurayewa ana dubawa. Da zarar an ga ƴan gajerun wuyoyi suna fitowa daga tsakiyar kowane bango suna kallon baya, an iso: nan sifon ya bi. A koma 240, 400, 600, har 1000, ana wanke dutsen da gilashin tsakanin kowace lamba, don ƙwayar yashi ɗaya daga 120 za ta ja zane a fuskar da aka kusa gamawa.

Lamba, ajiya da aji

A shafa ɗan farin fenti a gefen da ba shi da muhimmanci, a rubuta lamba da tawada mai ɗorewa. Lambar nan ta kasance a kan dutsen, a kan katin da ke cikin kwalinsa, da cikin rajistar makaranta. Burbushin da aka manta inda ya fito ya rasa yawancin amfaninsa ga ilimi, don ba a san shekarunsa ba. Kati da kwali abincin gara ne, saboda haka a sa su cikin akwatin ƙarfe ko roba mai murfi, a ɗaga daga ƙasa, a duba su farkon damina da ƙarshenta.

Don ɗalibai su ga nisan zamanin, a auna igiya mita 5, santimita ɗaya a matsayin shekara miliyan ɗaya, ana ƙirgawa daga bakin igiyar da ke matsayin yau. A ƙulla alama a santimita 490 don Plectronoceras, a ɗora miƙaƙƙen Maroko wajen 420, farkon amonit kusa da 405, Vascoceras na Damargu a 94, ƙarewar amonit a 66, notil ɗin Adar wajen 60. Ɗan Adam irinmu, mai shekara kusan 300,000 a lissafin masana, yana cikin milimita 3 na ƙarshe. Tambayar da ɗalibai kan yi a nan ita ce me ya sa amonit ya ƙare notil ya rayu. Bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi yana wajen haihuwa: ɗan amonit yana ƙyanƙyashewa da girman milimita ɗaya, yana yawo a saman ruwa inda abinci ya yanke bayan wani ƙaton dutse daga sararin sama ya faɗo duniya a lokacin, shi kuwa notil ƙwansa babba ne, ɗansa na fitowa da kusan santimita 3, yana iya cin mushe a ƙasan teku.

Idan an samu wanda ɓawonsa na asali ya rage, ko cikakke har bakin ɗakin zama, ko mai layin da bai yi kama da waɗanda aka ambata ba, ko aka ga ƙashi ko haƙori a shimfiɗar, a dakatar da tsabtacewa. A kai shi yadda yake, da hotunansa da lambobin GPS, sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maraɗi, ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.